Ken Caminiti, tsakanin allurar tsoka da hodar iblis

Na san yawancinmu ba ruwanmu da besbol, wannan wasan na Amurkawa da wani zai jefo ƙwallo wani ya make ta da kulki, mu dai a bar mu da ƙwallon ƙafa da dambe sai resilin ga masu kallonsa. To amma in ana maganar ɓarnar da allurar gina tsoka, wato sitiroyid, da hodar iblis suke yi a jikin mutum guda, da wuya ka samu lamarin da ya fito fili kamar na Ken Caminiti, don shi da bakinsa ya faɗi abin da ya ɗura wa jikinsa tun yana raye, kotu ta rubuta nata, sannan likitocin binciken gawa suka rubuta nasu bayan ya mutu. Yawanci ɗaya ake samu cikin ukun nan, sauran duk sai ka ji an ce an ce.

An haife shi a Kalifoniya a 1963, ya shiga babbar gasar besbol a 1987 da kulob ɗin Houston Astros na jihar Tekzas, ya yi kaka takwas a can. Gurbin da yake tsarewa a fili wuri ne da ƙwallo ke zuwa da mugun gudu, sai mai ƙarfin hannu wanda ba ya tsoron ya jefa jikinsa ƙasa, kuma da wannan aka san shi, mutum ne da zai shiga fili da ciwon da wani zai kwanta sati biyu a kansa. Abokan wasansa suna ji da shi sosai saboda haka. Akwai abu ɗaya da ya kamata a ajiye a gefe tun yanzu don zai yi amfani a gaba: tun kafin ya san wata allura yana fama da giya, shi da kansa ya amsa haka a 1994. A ƙarshen shekarar aka yi wata babbar musaya ta 'yan wasa 12 ya koma San Diego Padres.

A besbol akwai abin da suke cewa hom-ran, wato ka make ƙwallo ta tsallake katangar fili gaba ɗaya, shi ne ma'aunin ƙarfin ɗan wasa. Kafin kakar 1996, mafi yawan da Caminiti ya taɓa yi a kaka ɗaya shi ne 26, a 1995.

Kakar 1996

Tun farkon kakar, a watan Afrilu, ya yi tsalle zai cafe ƙwallo ya faɗi a kan kafaɗa, jijiyoyin da ke riƙe da kafaɗar suka yage. Irin ciwon nan aiki ake yi wa mutum ya yi watanni yana jinya, shi kuwa ya ce sai dai bayan kaka. San Diego a bakin iyakar Meksiko take, in ka tuƙa mota kaɗan ka shiga Tijuwana, kuma a lokacin kemis-kemis ɗin can suna sayar da irin waɗannan allurai ba wata takardar likita, alhali a Amurka tun 1990 doka ta sa su cikin magungunan da mallakarsu ba izini laifi ne. Ya tsallaka ya sayo testostiron, wato sinadarin namiji, ya dawo ya fara tsira wa kansa. Ba likita, ba gwajin jini, bai ma san ana hutawa tsakani ba, shi dai yana ta yi.

Kuma gaskiya dai a faɗa, abin ya yi aiki, wannan shi ne ɓangaren da masu wa'azin ƙwaya ba sa son faɗa shi ya sa samari ba sa yarda da su. A rabin kaka na biyu kaɗai ya yi hom-ran 28, ya fi abin da ya taɓa yi a cikakkiyar kaka, ya ƙare da 40, kulob ɗinsa ya lashe rukuninsu, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasarsu ba tare da ko mutum ɗaya cikin masu zaɓen ya ba wani matsayi na farko ba. Mutumin da kafaɗarsa a yage take fa.

Akwai wata rana a cikin kakar da har yau Amurkawa suke labarinta. Ranar 18 ga Agusta suna wasa da New York Mets a garin Monterrey na Meksiko, ya ci wani abu ya ɓata masa ciki, ya kwana yana amai da gudawa, da safe yana kwance a ƙasa a ofishin kocinsu Bruce Bochy an rataya masa ledar ƙarin ruwa, kocin ma bai yi niyyar sa shi ba. Aka cire masa allurar ruwan, ya nemi cakulan Snickers ya ci, ya shiga fili yana tangaɗi, ya yi hom-ran biyu, ya dawo aka sake maƙala masa ruwa. Jaridu suka yi ta kambama shi, jarumi, namijin duniya. Ni kuma in na tuna labarin nan abin da nake gani shi ne mutumin da duk wanda ke kewaye da shi ya koya masa cewa in jikinka ya ce ka tsaya kai kuma ka ƙi, tafi za a yi maka. Wanda aka raina a haka ba ƙaramin aiki ba ne ka ce masa ya saurari gargaɗin da jikinsa ke yi masa daga baya.

Gargaɗin bai jima ba ya zo. Da kaka ta ƙare ya daina allurar, sai ya ga 'ya'yan marainansa sun ƙanƙance sun shige ciki, likita ya auna ya tarar sinadarin namijin da ke jikinsa ya faɗi zuwa kashi 20 cikin 100 na yadda ya kamata, kuma ya ce sai da ya yi wata huɗu kafin su sauko da kansu. Ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda jikin yake aiki. Akwai wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da take lura da yawan testostiron a jini, in ya yi ƙasa sai ta aika wa maraina saƙo su ƙara, in ya yi yawa sai ta yi shiru. To kai da ka ɗura na kwalba ninkin-ba-ninkin abin da jiki ke yi, shiru za ta yi ɗif, maraina su zauna ba aiki, su motse, maniyyi ya ragu har wani ya kasa haihuwa. Ranar da ka daina kuma na kwalba ya tafi, na jiki bai dawo ba, sai ka zauna a tsakiya ba ko ɗaya, ga kasala ga rashin sha'awa ga wani irin baƙin ciki da ba ka san daga inda ya fito ba. Wasu wata uku su farfaɗo, wasu shekara, wasu ba sa komawa daidai. Caminiti yana cikin na ƙarshen, don a 2002 ya ce likita ne ke rubuta masa allurar testostiron duk sati saboda jikinsa ya kasa yin isasshe, kuma ya kwatanta kasala da damuwar da ke zuwa da hakan a matsayin mugun abu. Ka ga abin da ya fara saya a ɓoye don ya fi kowa ƙarfi, ya dawo yana karɓarsa a asibiti don kawai ya iya tashi ya yi harkokinsa.

Nan ne tarkon yake, kuma shi ya sa masu bincike suke ƙiyasta kusan mutum 3 cikin 10 na masu wannan allura suna zama ba sa iya bari. Ba wai tana bugarwa ba ne irin ta wiwi, a'a, barin ne yake da azaba, ka ga tsokar da ka sha wuya a kanta tana zagwanyewa a madubi ga jiki ba laka, sai ka ce bari in ƙara zagaye ɗaya. Shi ma ya koma, ya ci gaba da yi a kakannin da suka biyo baya, sai dai ya ce daga baya ya koyi yi da hutawa.

Sai kuma raunuka. Tsoka tana girma da sauri a kan allura amma jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi ba ta bin ta da wannan saurin, sai ya zama ƙarfin ja ya fi ƙarfin abin da ke riƙewa. Daga 1997 zuwa ƙarshen wasansa kusan kullum da inda ke ciwo, yau cinya gobe sha-raɓa jibi wuyan hannu, shi da kansa ya danganta hakan da yadda ya yi ƙarfi farat ɗaya. Sun kai wasan ƙarshe na gasar a 1998 New York Yankees suka share su 4 da nema, ya koma Houston a 1999, a 2000 ya bar kulob kafin kaka ta ƙare ya shiga cibiyar gyaran masu shaye-shaye, a 2001 ya ɗan taɓa Texas Rangers da Atlanta Braves shi kenan wasa ya ƙare yana da shekara 38.

Abin da ba a gani a madubi

Duk waɗancan ana ganinsu ko ana jinsu. Wanda ba a ji shi ne na zuciya, kuma a nan nake so mu ɗan zauna don shi ne gundarin lamarin.

Zuciya ma tsoka ce, allurar kuwa ba ta san bambancin damtse da zuciya ba. Bangon ɗakin hagu na zuciya, wanda shi ke tura jini zuwa duk jiki, sai ya yi ta kauri, kuma ba kaurin lafiya ba irin na ɗan tsere, kauri ne mai haɗe da tabo-tabo da tauri. Kamar ɗaki ne da ake ta yaɓa wa bangonsa ƙasa ta ciki, daga waje ka ga gini ƙaƙƙarfa amma wurin zama sai raguwa yake. Zuciyar ba ta saki ta cika da jini yadda ya kamata, daga baya matsawar ma ta yi rauni, ga shi naman ya ƙaru yana neman ƙarin jini alhali jijiyoyin da ke shayar da shi ba su ƙaru ba. Su kansu jijiyoyin allurar tana cin su ta wata hanyar, tana kayar da kitsen jini mai kyau ƙasa warwas, musamman sitiroyid irin na haɗiya, ta ɗaga marar kyau, sai daskararren kitse ya fara taruwa a cikinsu tun mutum yana ɗan shekara talatin da wani abu. Ƙara da hawan jini, ƙara da jinin da ke yin kauri saboda jajayen ƙwayoyinsa sun yi yawa.

Ba hasashe ba ne. A 2017 likitoci a Boston sun fitar da binciken da suka yi a kan masu ɗaga ƙarfe 140, 86 sun yi aƙalla shekara biyu suna allura, 54 ba su taɓa ba. Aka auna kashi nawa na jinin da ke cikin zuciya take iya turawa a bugu ɗaya, waɗanda ba su taɓa ba matsakaicinsu 63 cikin 100, masu allura 52, wato a bakin gaɓar rashin lafiya, waɗanda suke kan yi a lokacin ma sun fi haka ƙasa. Kuma iya daɗewar mutum yana yi iya yawan daskararren kitsen da aka gani a jijiyoyin zuciyarsa. A Denmak ma an bi sawun maza 545 da aka kama da sinadarin a gwajin da ake yi a gidajen motsa jiki, aka tarar mutuwa a cikinsu ta ninka ta sa'anninsu sau uku. Waɗannan fa mutane ne da in ka gan su a hanya za ka ce sun fi kowa lafiya a unguwar.

Hanta ma tana shan nata, musamman da na haɗiya, ga ƙuraje a baya, ga sanƙo da wuri, ga nono da ke fito wa namiji saboda jiki yana juya rarar testostiron ɗin zuwa sinadarin mata. Amma waɗannan ba su ne suka shafi ƙarshen Caminiti ba, mu wuce.

Hodar

Wata ɗaya ko biyu da buga wasansa na ƙarshe, a Nuwamba 2001, 'yan sanda suka kama shi a wani ɗakin otal a Houston da hodar iblis, irin wadda ake dafawa ta zama ƙanƙara-ƙanƙara ana ƙonawa ana zuƙa, wadda suke kira kirak. A Maris 2002 ya amsa laifi aka yi masa ɗaurin talala na shekara uku, da sharaɗin zai riƙa kai fitsari ana gwadawa.

Ana cikin haka ne ya yi abin da ya sa sunansa ya shiga tarihi fiye da duk ƙwallon da ya buga. Ɗan jarida Tom Verducci na mujallar Sports Illustrated ya same shi, shi kuma ya buɗe baki ya faɗi komai, Tijuwana, allurar, marainan, duka, aka buga a farkon Yuni 2002. Shi ne babban tauraro na farko a besbol da ya fito ya amsa da sunansa. Ya ce a ganinsa aƙalla rabin 'yan wasan suna yi, maganar da ta tayar da ƙura har daga baya ya ɗan janye adadin. Abin da ya fi tsaya min a rai a hirar shi ne cewar da ya yi ya tafka kurakurai da yawa a rayuwa amma bai ɗauki allurar a cikinsu ba. Mutumin da a lokacin yake karɓar testostiron duk sati a hannun likita. Ban ɗauka ƙarya yake ba, haka ya gani, don allurar ta ba shi kyauta da kwantiragi da suna, hodar kuwa ta kai shi gaban alƙali, to wanne zai kira kuskure? Lissafin da bai iya yi ba shi ne na abin da ke cikin ƙirjinsa tunda ba ya ciwo.

Ita hodar iblis aikinta na gaggawa ne. A ƙwaƙwalwa tana toshe hanyar da ake kwashe sinadaran jin daɗi da na faɗakarwa bayan sun gama aiki, sai su taru, mutum ya ji shi ne sarkin duniya na ɗan lokaci, in kirak ce minti biyar zuwa goma ta sake shi ya faɗo ƙasa da inda ya taso, shi ya sa ake jera ta ba ƙaƙƙautawa. A jiki kuwa wannan taruwar ce take sa zuciya ta yi ta dukan tara-tara, jini ya hau, zafin jiki ya tashi. Wato zuciya tana neman ƙarin iska kenan. A daidai wannan lokacin kuma hodar tana matse jijiyoyin da ke kai wa zuciyar jini, tana sa jini saurin daskarewa, tana kuma rikita wutar da ke tsara bugun. Buƙata ta hau, hanya ta tsuke, ga gudan jini yana jiran inda zai maƙale. Wani bincike da aka buga a 1999 ya nuna a cikin awa ɗaya na farko bayan shan ta haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa kusan sau 24, kuma yana faruwa ga wanda bai taɓa ciwon zuciya ba, har ga wanda ranar ce ta farko. Haka take fasa jijiya a ƙwaƙwalwa ɓarin jiki ya shanye, haka take kawo farfaɗiya, masu shaƙa ta hanci kuma har bangon tsakiyar hancin take hudawa saboda ta hana shi jini.

In aka haɗa da giya, wanda ga mai tarihin Caminiti ba abin nesa ba ne, hanta tana haɗa su biyun ta fitar da wani sinadari na uku da ya fi hodar daɗewa a jini kuma ya fi ta cutar da zuciya.

To yanzu ɗauki duk wannan ka ɗora a kan zuciyar da bangonta ya riga ya yi kauri, jijiyoyinta sun riga sun tsuke. Matsewar da mai lafiyayyar jijiya zai iya tsallakewa, shi a wurinsa rufewa ce. Tabon da ke cikin naman zuciyar kuma shi ne daidai inda bugu ke rikicewa.

Gwajin fitsarinsa ya yi ta nuna hoda. A 2003 alƙali ya tura shi shirin gyara na gidan yari ya yi watanni, ya fito, a farkon 2004 har Padres suka ɗauke shi yana koya wa matasa a sansanin share fagen kaka, mutane suka ce alhamdulillahi ya dawo hanya. Ranar 5 ga Oktoba 2004 ya sake tsayawa gaban kotu a Houston ya amsa cewa ya karya sharaɗi, an sake ganin hoda a fitsarinsa, aka yanke masa kwana 180 amma aka lissafa zaman da ya riga ya yi aka sake shi. Ya tafi Niyok. Ranar Lahadi 10 ga Oktoba, kwana biyar da fitowarsa daga kotu, ya yanke jiki ya faɗi a wani gida a unguwar Bronx, aka kai shi asibitin Lincoln, rai ya yi halinsa. Shekararsa 41, ya bar 'ya'ya mata uku.

Da farko bugun zuciya aka sanar. Ranar 1 ga Nuwamba ofishin binciken gawa na birnin ya fitar da sakamako: abin da ya kashe shi gubar haɗuwar hodar iblis da ƙwaya dangin hiroyin ce, sannan aka lissafa abubuwa biyu da suka taimaka, cutar jijiyoyin zuciya da kuma zuciyar da ta yi girma fiye da kima.

Wannan haɗin na hoda da dangin hiroyin yana da nasa mugun halin. Ɗaya tana zaburarwa ɗaya tana kwantarwa, sai kowacce ta rufe alamar ɗayar mutum ya ga ai bai ji komai ba ya ƙara, alhali hodar ta fi saurin sakin jiki, in ta tafi sai ta bar shi da mai danne numfashi ita kaɗai. Kuma wanda ya fito daga tsare ko daga gidan gyara ya fi kowa shiga haɗari, don jikinsa ya manta adadin da ya saba ɗauka shi kuma bai manta ba. Kodin da tiramadol da muka sani a nan duk 'yan gidan ne, ƙarfi ne kawai ya bambanta.

To wanne ya kashe shi?

An yi ta wannan musun a Amurka. Masu kare allura suka ce ku duba takardar, ba a rubuta sunanta ba, ƙwaya ce ta kashe shi. Kuma ta wani ɓangaren suna da gaskiya, rahoton bai ce allura ce ta kumbura zuciyar ba, hasali ma hodar iblis kanta in an daɗe ana sha tana kaurara zuciya tana lalata jijiyoyi, giya ma haka, hawan jini ma haka, gado ma yana nan. Ba wani likita da zai yanka zuciya ya ce wannan kaurin na 1996 ne wancan na 2001. Haka kuma ba daidai ba ne a ce allura ce ta jefa shi shaye-shaye tunda giyarsa ta riga ta.

Amma ni a nawa ganin wannan kariyar ba ta kai inda suke so ta kai ba. Mutum ne ɗan wasa, mai motsa jiki tun yana yaro, a shekara 41 aka buɗe shi aka samu cututtuka biyun da binciken Boston ya nuna su ne allura ke haifarwa, a jikin wanda ya amsa da bakinsa ya yi shekaru yana yinta. Sannan ga shekarun da ya yi da sinadarin namiji a ƙasa, cikin kasala da damuwa, ga ciwuka ko'ina, ga wasa ya ƙare ba abin yi da safe, mai neman barin hoda a irin wannan halin an riga an ɗaure masa hannu ɗaya. Likitocin da ke kula da masu allura sun daɗe da lura cewa da yawansu ba a allura kaɗai suke tsayawa ba, wani ya ƙara da maganin ciwo don gaɓoɓi, wani abin barci, wani abin zaburarwa don ya iya shiga jim, sau da yawa ma a hannun dila ɗaya, kuma wanda ya saba tsira wa kansa sirinji ya riga ya tsallake tsoron da ke hana wasu. Saboda haka tambayar wanne a ciki ba ta da amfani sosai, zuciya ɗaya ce ta ɗauki duka.

Abin ya shafe mu ta inda gidajen jim suka yawaita a garuruwanmu kuma kayan nan ana samunsu, hodar ma ba labarin turawa ba ce kaɗai, a Satumba 2022 hukumar NDLEA ta kama tan 1.8 a wani sito a Ikorodu, a farkon shekarar kuma an kama sama da kilo 200 a arewacin Nijar a hanyar sahara, kuma duk inda kaya ke ratsawa sai wani ya zube. Maganar da za ka ji a bakin mai yi ita ce zagaye ɗaya kawai zan yi in tsaya, ko ai ni ina tirenin ba abin da zai same ni. Caminiti ma don ya ƙarasa rabin kaka ɗaya ya saya. A lura kuma, ƙwayoyin ƙiba irin su deksametason da wasu ke sha, mata musamman, su ma ana ce musu sitiroyid amma wani gida ne daban, ba sa gina tsoka sai kumburi, nasu sharrin daban ne, ciwon suga da lalacewar ƙashi da sauransu.

Wanda ya riga ya shiga, bari farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki ba shi ne dabara ba saboda wancan faɗuwar da muka yi bayani, har tunanin kashe kai tana kawowa. Likita ake nema a faɗa masa gaskiya, a auna jini da kitsen jini da hanta, a yi hoton zuciya, don wani ɓangare na raunin yana farfaɗowa in an daina, daskararren kitsen jijiya ne dai ba ya komawa. Wanda kuma ƙirjinsa ya riƙe bayan ya sha hoda, ko 'yan'uwan da suka kawo shi, kar kunya ta sa a ɓoye wa likita, akwai magungunan zuciya da ake kauce musu in an san da hoda a jiki, kuma in numfashi ne ke ɗaukewa saboda dangin hiroyin akwai allurar naloksan da ke warware shi cikin mintuna in an samu da wuri.

Su kuwa masu besbol, wata uku bayan hirar Caminiti, a Agusta 2002, ƙungiyar 'yan wasa ta amince da gwajin sitiroyid a karon farko. Aka yi na gwaji a 2003 ba a bayyana suna ba, kashi 5 zuwa 7 cikin 100 suka faɗi duk da sun san za a yi, daga 2004 aka fara hukunci. A Maris 2005, wata biyar bayan mutuwarsa, majalisar dokokin Amurka ta kira manyan taurarin wasan ta titsiye su a gaban talabijin, kafin ƙarshen shekarar aka mayar da hukuncin dakatarwar wasa 50 a karon farko, 100 a na biyu, na uku kora har abada. Kyautarsa ta 1996 ba a ƙwace ba, kuma a 2016 Padres suka shigar da shi jerin gwarazan kulob ɗin.